Gumbar Sadakar Uku

Ranar wata Talata cikin marka, a shekarar nan da fetur ya gagari kowa sai 'yan bumburutu, wani Alhaji ya faɗo ofishin binciken manyan laifuka a Gusau, riga a jiƙe, hula a hannu.

"Ina Sufeto? An kashe mani ƙane!"

Sufeto Abdulƙadir Wonaka ya ajiye kofin kunun da yake lallaɓa gyambon cikinsa da shi. Dogon mutum ne mai furfura a gemu, wanda ya daɗe da daina razana da ihu. Ya nuna wa baƙon benci.

"Zauna, Alhaji. Sunanka?"

"Bashar. Hatsi nake sayarwa a babbar kasuwa. Ƙanena Mansur, akawu ne a ma'aikata nan Gusau, gidansa na Bungudu. Ɗazu da hantsi aka tsince shi a ƙarƙashin motarsa, ta danne masa ƙirji."

"Allah ya jiƙan sa. To ai wannan haɗari ne."

"Wane irin haɗari! Makanikensa ne, Garba na Tsafe. Da safen nan ya zo gidan, unguwa duk ta ji yana rantsuwa cewa motar nan ita ce ajalin Mansur. Ko awa biyu ba a yi ba sai ga gawa. In hukuma ba ta kama shi ba, wallahi mu za mu kama shi."

Sufeto ya dubi Kofur Jatau, abokin tafiyarsa, ya ce ya ɗauko hularsa. Motar ofis ba ta da ɗigon mai, don haka a motar Alhaji suka tafi.

A Bungudu ba sai ka tambayi gidan Mansur ba. Ka ce gidan mai Kwaɗo, ko akuya za ta nuna maka. Kwaɗo kuwa mota ce ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin ta tsere, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. In aka kunna fitilunta sai su ɓullo daga saman hancinta kamar idon kwaɗo, shi ne sunan ya bi ta. Tsohuwa ce tun a ƙasar Turawa, ta tsallako ta Kwatano ta ƙara tsufa, sannan Mansur ya saye ta a shekarar da aka ba Zamfara jiha, lokacin da kowane akawu yake jin gobe shi ne babban sakatare.

Saboda ita aka fasa katangar gidan aka yi ƙofa, aka kafa mata rumfar kwano tsakanin zaure da cikin gida. A nan Sufeto ya same ta, an cire mata tayar gaba ta hagu, ta kife da hanci ƙasa. Maƙwabta sun riga sun ɗaga ta da itace sun zaro mamacin, yana zaure an lulluɓe shi. Ga sifanu a warwatse, ga rediyo a gefe, ga wani tsohon jak na ɗaga mota ya lafe a ƙarƙashinta.

"Kofur, buga jak ɗin nan mu gani."

Jatau ya buga, mota ta tashi. Suka tsaya suna kallo. Ba a jima ba sai ta fara sauka a hankali, ba ƙara ba motsi, har ta koma inda take.

"Yallaɓai, ai magana ta ƙare. Jak ɗin yoyo yake yi."

"Tun yaushe yake hannunsa, Alhaji?"

"Ya fi shekara. Na Garba ne."

"Mutum ya shekara da jak, bai san yana sauka ba? Sake bugawa, Kofur, ka tokare ta da itace."

Sufeto ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya leƙa. Ƙasar wurin da danshi, baƙin mai ya rine ta. Dab da jak ɗin akwai wani zagayayyen shati mai zurfi, faɗinsa kamar faifai, alamar wani abu mai nauyi ya daɗe a tsaye a wurin. Abin kuwa babu shi. Daga shatin zuwa bakin rumfa an share ƙasa tas da tsintsiya.

Wa zai ga gawa a danne, ya tsaya shara?

Ya miƙe ya nemi ganin matar gidan. Tana ɗaki, mata sun kewaye ta, sai ya tsaya daga bakin labule. Ɗakin kuwa abin tausayi: ba gado, ba kabad, ba ko jeren kwano ɗaya, sai tabarma da shatin wuraren da kaya suka taɓa zama a jikin bango. Wata yarinya 'yar kimanin shekara biyar tana kwance a cinyar uwar, wuyanta siriri.

"Malama Zuwaira, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Kina ina lokacin da abin ya faru?"

"Ina ɗaki. Luba ba ta da lafiya, ina wurinta."

"Ba ki ji komai ba?"

"Rediyonsa na ji. Da na fito ɗibar ruwa sai na ga mota ta sauka, na yi kururuwa."

"Da me yake tokare motar in zai shiga ƙarƙashinta?"

Ta shafa kan yarinyar.

"Ban sani ba. Ba ni zuwa wajen."

"Wa ya share wurin?"

"Kullum da safe nake shara."

Ba ta kuka. Sufeto ya ga matan da suka yi ta birgima alhali su suka zuba gubar, ya kuma ga waɗanda baƙin ciki ya busar wa ido, saboda haka bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Ya ba da izini aka yi jana'iza bayan likita ya duba. A hanyar fita ya tambayi Alhaji Bashar yadda aka yi ɗakin ya zama kango.

"Sha'anin mata ne, Sufeto. Gidan ƙanena ba a rasa komai ba. Ni mai hatsi ne, a ce jinina yana yunwa?"

Washegari suka nufi Tsafe. Garejin Garba yana bakin titin Funtuwa, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Gajere ne kakkaura, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Da ya ga kaki sai ya tashi yana goge hannu a wando.

"Jiya da safe kana ina?"

"Nan nike, ranka ya daɗe. Ko nan da can ban je ba."

"Mai faci na bakin tashar Bungudu ya ce ya gaishe ka ka amsa. Maƙwabcin Mansur ya ji muryarka ta katanga. Mu koma farko, ko mu ƙarasa a ofis?"

Garba ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya dafe kai.

"Na je. Tsoro ne ya sa ni ƙarya. Jak ɗina na je karɓa, ya hana ni, ya ce in bari ya ɗaura giyabos. Raina ya ɓaci, na faɗi abin da na faɗi. Amma ba zagi ba ne, Sufeto, gaskiya ce. Tun ranar da ya kawo mani motar nan nike faɗa masa."

"Me kake faɗa masa?"

"Cewa kashin turmi ba na wadan kare ba ne! Motar nan ba a yi ta don hanyarmu ba, ba a yi ta don aljihun akawu ba. Ta hau ɗan tudu, salansa ta tsinke. Ta shiga rami, tukunyar mai ta fashe. Ta yi tafiyar Gusau, lagireto ya tafasa. Man bumburutu mai haɗi da kananzir kuwa, kwana biyu ya toshe mata maƙogwaro. Kayan gyaranta babu a Gusau, babu a Kano, sai an aika Legas, a jira wata guda, a kawo wanda bai shiga ba. Ka gyara nan, can ya ɓalle. Wata ɗaya tana tafiya, wata uku tana kwance."

"Me ya hana shi sayarwa?"

"Wa zai saya? Kuma ko an samu, ba zai sayar ba. Kullum maganarsa ɗaya: saura kaɗan, Garba, wannan gyaran ne na ƙarshe. Gonar gadonsa ta Rawayya ta tafi a inji. Keken ɗinkin matarsa ya tafi a kuloci. Gadonta da kwanoninta, ni dai na san taya da batir suka zama. Da abin ya ƙare sai ya fara gyara da kansa, ya ari jak ɗina."

"Ka san jak ɗin yana sauka?"

"Na sani, shi ma ya sani. Shi ya sa yake kafa turmi."

"Turmi?"

"Turmin daka. Yakan buga jak, mota ta tashi sama da bakin turmin kaɗan, ya shiga ya yi aiki. Tana sauka a hankali har ta zauna a kan turmin ta tsaya. Sai ya fito ya sake bugawa. Ko yana ganin tana saukowa ba ya motsi, don ya san akwai inda za ta tsaya."

"Jiya ka ga turmin?"

"Da idona. Yana nan tsaye na baro shi."

Sufeto ya tuna da zagayayyen shatin nan da ya gani a ƙarƙashin mota. Duk da haka dole ya tafi da Garba, domin ya yi ƙarya, ya yi furuci, jak nasa ne, kuma shi ne baƙo na ƙarshe da ya shiga gidan. Matar Garba ta biyo su har bakin titi da goyo a baya, tana cewa, "Yallaɓai, in kun tafi da shi mu ci me?"

Da yamma Sufeto ya aika Jatau Bungudu da tambaya ɗaya. Amsar da ya dawo da ita gajeriya ce: Zuwaira ta ce turminta tun bara Mansur ya sayar, gidan babu turmi.

To, ga magana biyu, ɗaya ƙarya ce. Babban jami'in ofis kuwa bai ga abin wahala a ciki ba. Ya ce makanike ne ya zare turmin ya jefar a rafi, a rubuta fayil, ranar Juma'a a kai shi kotu da tuhumar kisan kai. Alhaji Bashar ya yi ta zarya a ofis yana faɗin haka nan. Sufeto ya leƙa bayan kanta ya ga Garba a tsugune, ya ƙi cin abinci, yana ta maimaita cewa shi ko kaza bai iya yankawa. Tuhumar kisa ba wasa ba ce. In ta zauna a wuyan talaka, ko ba a rataye shi ba, zai tsufa a gidan yari yana jiran shari'a.

Ranar Alhamis ake sadakar uku. Sufeto ya sa farar riga ya bar kaki a gida, ya hau babur da Jatau a baya. Kafin ya shiga gidan makoki sai ya ratse gidan da ke jingine da shi ta baya, inda wata tsohuwa, Inna Hanatu, take zaune a tsakar gida tana kaɗi. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko sauro ya gifta ta san inda ya nufa.

"Inna, ranar Talata da hantsi me kika ji daga gidan Mansur?"

"Mi na ji? Faɗa na ji, shi da wani. Anka yi shiru, sai rediyo. Can kuma sai na ji abin da ya sa na ɗaga hannu na gode Allah."

"Mene ne?"

"Daka, ɗana."

"Daka? A gidan Mansur?"

"Awo. Ai tun da wagga mota ta kwanta ban ƙara jin taɓarya ta faɗi a gidan ba. Nan Zuwaira ka zuwa aron turmi, in ta samu abin dakawa. Daga baya kunya ta hana ta, don aron turmi tallar talauci ne, kowa ya ga abin da kika zuba. To ranar Litinin uwarta ta aiko mata da ɗan gero daga Rawayya. Da na ji daka na ce alhamdu lillahi, yau Luba za ta sha kunu."

"Kin tabbata ba daga wani gida ba ne?"

"Haba! Kowace mace da hannunta. Zuwaira bahaguwa ce, dakanta da ɗan jinkiri. Amma ran nan ba haka ta yi ba. Da ƙarfi ta yi ta yi, ba hutawa, har na ce yarinyar ga fasa turmin za ta yi?"

Tsohuwar tana murmushi tana faɗi, ba ta san abin da take ɗaurawa ba. Sufeto ya yi mata godiya ya fita. Wallahi a ransa ya so a ce kurma ce.

A ƙofar gidan makoki an shimfiɗa tabarmi, malamai sun yi addu'a, an shafa. Sai aka fito da gumbar sadaka a faifai, dunƙule-dunƙule, ana rabawa. Aka miƙa wa Sufeto, ya karɓa don kada a ce ya raina. Ya kai baki ya gutsura.

Ya daina tauna.

Ƙarƙashin zaƙin sukari da ƙamshin gero akwai wani ɗan ɗaci, da wari siriri wanda duk mai babur ya sani. Ya dubi Jatau, ya tarar shi ma ya yamutsa fuska. Wani dattijo a gefe ya tofar a ɓoye yana cewa geron bana ko a tankar mai aka ɗauko shi.

Sufeto ya kira wata mata da ta fito da faifai, ƙanwar uwar mamacin ce.

"Hajiya, a ina aka daka gumbar nan?"

"Nan cikin gida. Mun aika a aro turmi, sai wata ta gano ɗaya a bayan ɗaki an kife shi, an rufe da tsohuwar tabarma. Muka wanke muka yi amfani da shi. Wani abu ne?"

"Zuwaira ta san kun ɗauka?"

"Mai takaba ina ruwanta da daka? Tana ɗaki."

Aka gangaro masa da turmin zuwa zaure. Tsohon turmi ne na ƙirya, gindinsa daidai da shatin nan na ƙarƙashin mota. A bakinsa akwai wani gurbi inda ƙarfe ya daɗe yana zama, baƙin mai ya shiga cikin itacen ya zauna, irin shigar da ko an shekara ana wanki ba ya fita.

Alhaji Bashar ya tsaya a kansa yana kallo, bakinsa a buɗe.

"Alhaji, ka ce gidan nan ba a rasa komai ba."

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Na daina aikowa tun azumi. Duk buhun da na aiko sai in gan shi a kasuwa, ya sayar ya sayi ƙarfe. Na ce bari in horar da shi." Ya dubi wajen ɗakin Zuwaira da Luba. "Ban tuna da su ba, Sufeto. Shi nake hora."

Sufeto ya sa aka kai turmin ƙofar ɗakin Zuwaira, ya roƙi mata su ba shi wuri, ya bar Hajiyar nan kaɗai ta zauna shaida. Zuwaira tana kan tabarma cikin mayafin takaba, Luba tana barci a gefenta. Da ta hango turmin a bakin ƙofa ba ta firgita ba. Sai ma ta yi ajiyar zuciya, kamar wadda aka sauke wa kaya.

"Malama Zuwaira, wannan turmin wa?"

"Nawa ne. Da shi anka kawo ni gidan ga. Na uwata ne, ita ma na uwarta."

"Kin ce an sayar."

"Shi kaɗai ne ba a sayar ba. Don yana da amfani wurin mota."

"Garba makanike yana tsare. Gobe za a kai shi kotu a kan kisa. Yana da mata da goyo."

Ta rufe ido. "Ban san an kama shi ba. Ba wanda ya gaya mani."

"Yanzu na gaya maki."

Da ta fara magana kuwa, a hankali ta yi ta, ba kuka ba rawar murya.

"Kwana biyu Luba ba ta ci komai ba sai ruwan zafi da kanwa. Innata ta aiko da gero. Da dare ya gani, ya ce in ba shi rabi ya kai wa mai walda. Na ɓoye a ƙarƙashin zanena na kwana a kai. Da safe, bayan baƙon ya tafi, na je bakin rumfa na ce, Malam, ba ni turmina in yi wa ɗiyarka kunu. Bai amsa ba. Na sake faɗi. Ya ce daga ƙarƙashi, saura kaɗan."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Saura kaɗan. Da ita ya ɗauki kekena. Da ita ya ɗauki gadona. Ranar da na yi ɓari, a hanyar asibiti motar ta mutu, ina zubar da jini a kujera, yana cikin inji yana ce mani saura kaɗan. A amalanken shanu anka ƙarasa da ni."

"Sai me ya faru ranar Talata?"

"Ya fito ya buga jak, ya koma, ya ƙara ƙarar rediyo. Na ga mota ta tashi daga bakin turmi. Na karkato shi na gangaro da shi cikin gida. Bai ji ba."

"Kin san jak ɗin yana sauka?"

Hajiya ta kama hannunta. "Ke, ki ce ba ki sani ba!"

Sufeto bai hana Hajiya ba. Gaskiyar magana, shi ma abin da yake fata ke nan. Da ta ce ba ta sani ba, da ya rubuta haka da hannunsa, ya sa hannu, ya je ya tsaya gaban kowane alƙali ya ce ganganci ne na mace mai yunwa.

"Na sani," in ji Zuwaira. "Kullum ina kallo daga nan. Na ce a raina zan surfa da sauri in mayar kafin ta sauko. Allah ya sani da wannan niyya na ɗauka."

"To ai shi ke nan," Sufeto ya yi saurin cewa. "Kin makara ne. Ƙarar daka da rediyo sun hana ki ji."

Ta ɗago ta dube shi. Karo na farko ke nan da ya ga idonta sosai.

"Na ji, Yallaɓai."

Sai ta ci gaba.

"Ina cikin surfe na ji ya kira ni. Zuwaira. Ba da ƙarfi ba. Ya sake kira. Rabon da in ji sunana a bakinsa har na manta, sai ke, sai wance. Taɓarya tana sama a hannuna. Da na ajiye ta na ruga na yi ihu, da maza sun zo sun ɗaga." Ta dubi tafin hannunta na hagu. "Sai na ji bakina ya ce, saura kaɗan. Na ci gaba da daka. Na yi ta yi da ƙarfi don kada in ƙara ji. Da na tsaya, rediyo kaɗai ke magana."

Hajiya ta saki salati ta fashe da kuka.

"Na share sawun turmin, na kife shi a bayan ɗaki. Na dama kunun, Luba ta sha. Sannan na yi kururuwa."

Sufeto Abdulƙadir ya zauna riƙe da biro bai rubuta komai ba. A tsawon shekarunsa a aikin nan ya kama 'yan fashi, ya kama masu yankan kai, bai taɓa jin ya tsani aikinsa kamar yau ba. In ya yi shiru, Garba ya tafi. In ya rubuta, yarinyar nan mai barci ta rasa uba ranar Talata, ta rasa uwa ranar Alhamis. Ya duba ta ko'ina bai ga ƙofa ta uku ba.

"Kin san abin da maganar nan za ta jawo maki?"

"Na sani. Ku saki bawan Allah ya koma wa ɗiyansa." Ta gyara wa Luba zane. "Takabar fa? An ce mai takaba ba ta fita."

"Za ki ƙarasa ta a can."

Jatau ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai, ya mayar aljihu. Alhaji Bashar, wanda ya fi kowa ihun a kama a ɗaure, ya ba da motarsa ba tare da ya iya duban kowa ba. Ya ce zai ɗauki Luba, zai kuma sayar da Kwaɗo a ajiye wa marainiya kuɗin. Wani daga cikin masu zaman makoki ya ce ai sai dai 'yan gwangwan, su auna ta a kilo.

A bakin zaure Zuwaira ta tsaya, ta juya wajen Hajiya.

"Turmin nan a ajiye wa Luba. Kada a bari ya ƙara kwana a waje. Shi ke nan abin da na bar mata."

Sufeto ya dubi turmin. Ya so ƙwarai wani ya faɗa a madadinsa, amma ba wani sufeto a wurin sai shi.

"Malama, ki yi haƙuri. Turmin shaida ne. Da shi za mu tafi."

Sai a lokacin ta yi kuka. Ba ta yi a kan gawa ba, ba ta yi da ta ambaci ɓarinta ba, sai yanzu. Ta durƙushe a ƙasa ta rungume turmin, bakinsa mai baƙin mai yana shafar mayafin takabarta, har sai da mata biyu suka ɗaga ta.

Jatau ya gangara da shi ya wuce ta gaban rumfar, inda Kwaɗo take kife da hanci a ƙasa, ja wur, ko ƙwarzane babu a fentinta. Aka sa turmin a bayan mota, aka sa Zuwaira a kujera, suka kama hanyar Gusau.

Ƙarar motar ce ta tashe Luba. Ta fito tsakar gida tana murza ido, ta dubi matan da suka yi cirko-cirko, ta tambaye su ko yau ma innarta za ta yi daka.